Stereo Mix ya ɓace bayan na koma Windows 11: ta yaya zan naɗi sautin da kwamfutata ke fitarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina amfani da manhajar Audacity wajen naɗar karatuttukan malamai da shirye-shiryen rediyo da ake watsawa kai tsaye ta intanet, kuma Stereo Mix nake zaɓa a matsayin na'urar ɗauka. Da na ɗaga kwamfutata daga Windows 10 zuwa Windows 11 sai na neme shi na rasa, makirufo kaɗai ya rage a jerin. Mai gyara ya ce sai dai a mayar mini da tsohuwar Windows. Shin babu wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai hanya, kuma ba zan ba ka shawarar komawa Windows 10 saboda wannan matsala kaɗai ba, tun da kamfanin Microsoft ya dakatar da tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, haka ma katin sautinta. Abin da ya canza shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin, kuma ko da Stereo Mix ya ƙi dawowa kwata-kwata, Windows tana da nata tsarin naɗar abin da take fitarwa, wanda a ganina ya fi Stereo Mix inganci, kuma Audacity ɗin da ke hannunka ta iya amfani da shi. Zan fara da yadda ake neman Stereo Mix ɗin, domin sau da yawa yana nan a ɓoye, sannan in tsaya sosai a kan hanyar da nake so ka koma gaba ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauka Stereo Mix wani sashe ne na Windows, alhali direban katin sauti ne ke samar da shi. Kamfanin Realtek, wanda na'urorinsa na sauti suka cika kwamfutocin da muke amfani da su, shi aka fi sani da wannan suna, yayin da kamfanin Creative ke kiran nasa What U Hear a katunan Sound Blaster, wasu kuma suna rubuta Wave Out Mix. Aikinsa shi ne ya tari sautin da ke kan hanyar zuwa lasifika, ya juyo da kwafinsa ɓangaren ɗauka, ta yadda Audacity za ta gan shi tamkar wani makirufo. Tun da direba ne ke ba da shi, duk ranar da aka canza direba yana iya tafiya tare da tsohon. Ɗaga Windows daga wani zubi zuwa wani kuwa kusan sake girka ta ne daga tushe, domin tana barin fayilolinka da manhajojinka a inda suke, amma tana sake tantance kowace na'ura da ke cikin kwamfutar ta ɗora mata direban da ta ga ya dace. A nan ne ake samun bambanci tsakanin wannan kwamfuta da waccan. A wata, sabon direban Realtek yana zuwa da Stereo Mix amma a kashe. A wata, Windows tana ɗora direbanta na gama-gari, wanda ke fitar da sauti yadda ya kamata amma bai san da zaman Stereo Mix ba. A wata kuma, musamman sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka, kamfanin da ya ƙera su ne da kansa bai sa shi a cikin direban da yake rabawa ba.

Ka fara da mafi sauƙi. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta mmsys.cpl a ƙaramin akwatin da ya fito, ka danna Enter. Wannan zai buɗe maka tsohuwar tagar saitin sauti, wadda har yanzu tana nan a Windows 11 duk da an nisanta ta daga idon mai amfani. Shiga shafin Recording, ka kai linzami wurin da babu rubutu a cikin jerin, ka danna ɓangarensa na dama, sannan ka sa alama a Show Disabled Devices da kuma Show Disconnected Devices. Idan Stereo Mix ya bayyana da launi dishi-dishi, danna shi ta dama ka zaɓi Enable. Bayan haka sai ka rufe Audacity ka sake buɗe ta, ko ka zaɓi Rescan Audio Devices a ƙarƙashin Transport, saboda tana karanta jerin na'urori ne a lokacin da ta tashi, ba ta lura da abin da aka kunna daga baya da kanta.

Yana iya yiwuwa ya bayyana, ka zaɓe shi, amma Audacity ta ƙi fara ɗauka ko ta nuna maka saƙon kuskure. A irin wannan hali ka duba saitin sirri. Tun daga sabuntawar Afrilun 2018 ta Windows 10, wadda ake kira 1803, izinin amfani da makirufo ya shafi har manhajojin da ake girkawa daga wajen shagon Microsoft, kuma Windows ba ta bambanta makirufo na gaske da Stereo Mix, duk na'urorin ɗauka ne a wurinta. A Windows 11 ka shiga Settings, sannan Privacy & security, sannan Microphone, ka tabbata babban izinin a kunne yake, ka gangara ƙasa ka kunna wanda aka rubuta Let desktop apps access your microphone. Wanda ya kashe wannan izini don gudun kada a saurare shi a ɓoye, ya kashe Stereo Mix ke nan ba tare da ya sani ba.

Akwai kuma wani yanayi da ya fi rikita mutane, wato Stereo Mix yana nan a kunne, Audacity tana ɗauka, amma layin da ke tafiya a allo miƙaƙƙe ne, idan aka saurara kuma shiru. Dalilin shi ne Stereo Mix yana jin abin da ya bi ta katin Realtek ne kawai. Ka ɗauke shi kamar famfon da aka haɗa a jikin bututu ɗaya daga cikin bututun gida: idan aka karkatar da ruwan ta wani bututun, duk yadda ka murɗa shi ba zai zubo da ko ɗigo ba. Hedifon na Bluetooth, hedifon mai shiga ta USB, da talabijin ko allon da aka haɗa ta HDMI, kowannensu na'urar sauti ce mai zaman kanta, kuma abin da ya bi ta cikinsu ba ya ratsa katin Realtek. Bayan ɗaga Windows kuma ana yawan samun ta sauya na'urar fitarwa ta farko ba tare da ta tambayi kowa ba. Saboda haka ka duba shafin Playback a waccan taga ta mmsys.cpl, ka kunna wani sauti, ka ga wace na'ura ce koren ma'auninta ke motsi.

Idan ka nuna ɓoyayyun na'urori kuma babu shi, to batun direba ne. Buɗe Device Manager ta hanyar danna maɓallin Start ta dama, ka duba ƙarƙashin Sound, video and game controllers. Idan ka ga High Definition Audio Device babu sunan wani kamfani a jikinsa, direban gama-gari na Microsoft ne ke aiki. Maganinsa shi ne ka je shafin intanet na kamfanin da ya ƙera kwamfutarka, ka sa lambar samfurinta da ke rubuce a ƙasanta, ka sauke direban sauti, ka girka, ka sake kunna kwamfutar. Zaɓin Roll Back Driver da ake yawan ambata ba kasafai yake amfani ba bayan babban ɗagawa irin wannan, domin galibi za ka same shi a dushe, ba ya dannuwa. Ina kuma jan kunnenka game da manhajojin da ke alkawarin nemo maka duk direbobi da danna maɓalli ɗaya, da shafukan da ba a san masu su ba da ke raba tsofaffin direbobi. Direba yana aiki ne a can cikin ƙuryar Windows da cikakken iko, kuma wanda bai dace ba yana iya kashe sautin gaba ɗaya ko ya riƙa tsayar da kwamfutar. Ko da ka yi sa'a tsohon direba ya zauna, Windows Update tana iya maye gurbinsa bayan 'yan makonni, ka wayi gari ka koma inda ka fara, wataƙila ma a daren da ka fi bukatar naɗin.

Wannan shi ya sa nake ganin bai kamata ka ɓata lokaci mai yawa wajen farautar Stereo Mix ba. Tun daga Windows Vista, wadda ta fito ga jama'a a 2007, Microsoft ta sake gina tsarin sautinta, ta samar da abin da ake kira WASAPI. A wannan tsari, duk manhajar da ke fitar da sauti, ko burauza ce ko manhajar kunna sauti da bidiyo irin VLC, tana miƙa shi ga injin sauti na Windows, shi kuma ya gauraya su wuri ɗaya kafin ya miƙa wa direba. WASAPI ya ba manhajoji damar su nemi kwafin wannan gaurayen kafin ya bar hannun Windows, kuma wannan damar ita ake kira loopback. Tun da a hannun Windows ake karɓar kwafin, bai dogara da alherin wani direba ba, kuma yana aiki da kowace na'urar fitarwa, ta Bluetooth ce ko ta USB ko ta HDMI. Ga kuma batun tsafta: a katuna da yawa Stereo Mix yana karɓar sautin ne bayan an mayar da shi siginar lantarki, sannan a sake mayar da shi lambobi, kuma a wannan kai-komo ne ɗan shuuu da gurnanin caja ke shiga. Loopback kuwa lambobi yake karɓa ya miƙa lambobi, abin da burauza ta fitar shi za ka samu.

Ga yadda ake saita shi. A sababbin zubin Audacity akwai maɓallin Audio Setup a saman taga, a tsofaffin kuma akwai jerin akwatunan zaɓi a wannan wurin. A sashen Host, inda wataƙila MME ka saba gani, ka zaɓi Windows WASAPI. Daga nan ka shiga Recording Device, za ka ga jerin ya ƙaru, kowace na'urar fitarwa ta bayyana da kalmar loopback a ƙarshen sunanta. Ka zaɓi wadda sautin ke fita ta cikinta a wannan lokacin. Idan da lasifikar kwamfuta kake saurare, ka ɗauki Speakers mai loopback. Idan ka sa hedifon, ka ɗauki sunan hedifon ɗin mai loopback. A nan ne mafi yawan masu cewa hanyar ba ta aiki suke tuntuɓe, domin a wasu kwamfutocin ramin iyafis da lasifika na'urori biyu ne daban a idon Windows, sai mutum ya zaɓi lasifika, ya soke iyafis don kada ya dami mutanen gida, ya tashi da naɗin awa guda na shiru. A Recording Channels ka zaɓi tashoshi 2, wato sitiriyo, ko da maganar mutum ɗaya kake naɗa, saboda loopback yana so adadin tashoshin ya yi daidai da na na'urar fitarwa. Mayar da shi tasha ɗaya abu ne da za ka yi daga baya.

Kafin ka danna jan maɓalli, ka tabbata an kashe zaɓin da ke sa ka ji abin da ake ɗauka a lokacin da ake ɗaukarsa. Yana cikin Transport Options, tsofaffin zubi suna kiransa Software Playthrough, sababbi kuma suna kiransa da sunan input monitoring. Idan a kunne yake, Audacity za ta fitar da abin da ta ɗauka ta lasifika, loopback ya sake ɗaukarsa, ta sake fitarwa, sai amsa-kuwwa ta yi ta ninkuwa har ta zama ƙara mai huda kunne.

Akwai wata ɗabi'a ta loopback da ya kamata ka sani tun da wuri don kada ka zaci lalacewa ce. Idan babu wata manhaja da ke fitar da sauti, injin Windows ba ya miƙa komai, saboda haka za ka ga Audacity ta tsaya cak, agogonta ba ya tafiya, har sai sauti ya dawo. Shi ya sa ake so ka fara kunna shirin, sannan ka danna maɓallin ɗauka. Ga mai naɗar karatu wannan ba lallai ya zama aibi ba, domin idan intanet ta yanke burauza ta daina fitar da sauti, giɓin ba ya shiga cikin fayil. Amma idan kana so tsawon naɗin ya yi daidai da agogo, misali za ka haɗa shi da bidiyo daga baya, akwai dabara mai sauƙi. Ka buɗe sabon aiki a Audacity, ka zaɓi Silence a ƙarƙashin Generate, ka samar da shiru na minti 10, ka fitar da shi a matsayin fayil, sannan ka kunna shi a VLC ka sa shi ya riƙa maimaita kansa. Kunnenka ba zai ji komai ba, amma injin sauti zai ci gaba da aiki, naɗin kuma ba zai tsaya ba.

Idan Audacity ta nuna kuskure lokacin buɗe na'urar ɗauka, lambar da ke cikin saƙon tana gaya maka inda matsalar take. Lamba -9997 tana nufin saurin ɗaukar samfuri bai dace ba, -9998 tana nufin adadin tashoshi bai dace ba, -9996 kuma tana nufin na'urar da aka zaɓa ba ta nan, misali an cire hedifon bayan an buɗe manhajar. Ta farkon ce ta fi yawa bayan ɗaga Windows. Sautin dijital ana yanka shi ne gunduwa-gunduwa sau dubbai a kowace daƙiƙa, kuma adadi biyu ne suka fi yawa, 44,100 wanda aka gada daga faifan CD, da 48,000 wanda bidiyo ya fi amfani da shi. Sabon direba yana iya sa na'urarka a 48,000 alhali Audacity tana kan 44,100 da ka saba. Ka koma mmsys.cpl, shafin Playback, ka danna na'urarka sau biyu, ka shiga Advanced, ka karanta abin da ke rubuce a Default Format, sannan ka sa wannan adadin a saurin aikin Audacity, wanda ke cikin Audio Settings a sababbin zubi, a tsofaffi kuma yana kusurwar hagu ta ƙasa. Game da -9998, wasu hedifon na masu wasannin kwamfuta da wasu talabijin suna gabatar da kansu da tashoshi 6 ko 8, sai ka danna Configure a shafin Playback ka mayar da su Stereo.

Tun da kana cikin shafin Advanced, ka cire alamar da ke kan Allow applications to take exclusive control of this device. Manhajar da ta karɓe na'urar ita kaɗai tana tsallake injin gauraya na Windows, kuma abin da bai bi ta injin ba loopback ba ya ganinsa. Haka abin yake ga manhajojin haɗa kiɗa da ke amfani da direban ASIO.

Tsaftar loopback tana da nata nauyin, domin duk abin da kwamfutar ta fitar yana shiga, har da wanda ba ka gayyata ba. Ƙarar shigowar saƙon WhatsApp a wani shafin burauza, ƙarar da Windows ke yi idan an soke filashi, gargaɗin batir ya kusa ƙarewa, duk za ka same su daram a tsakiyar karatun, kuma cire su daga baya aiki ne mai wuya saboda sun riga sun gauraya da muryar mai magana. Kafin dogon naɗi ka shiga shafin Sounds a tagar mmsys.cpl ka zaɓi No Sounds, ka kunna Do not disturb, ka rufe duk shafin burauza da ba ka bukata. A shafin Communications kuma ka zaɓi Do nothing, domin a saitinta na asali Windows tana rage ƙarar sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 da zarar ta ga alamar kira ya shigo, sai ka ji muryar malam ta nutse ba gaira ba dalili. Sannan ka kashe Audio enhancements da Spatial sound a saitin na'urar fitarwa. An yi su ne don su gyara wa ƙananan lasifikoki murya, kuma idan suka shiga naɗi, wanda zai saurara a wata na'urar zai ji sautin ya canza kama.

Game da ƙarfin sauti, ma'aunin ƙara na cikin shafin da kake kallo, da na burauzar a cikin Volume mixer, su ne ke yanke ƙarfin abin da za a naɗa, don haka ka ɗaga su sosai. Babban ma'aunin kwamfutar kuwa ya danganta da na'ura: a wasu, ko ka rage shi ƙasa naɗin ba ya canzawa, a wasu kuma yana raguwa tare da shi. Gwajin rabin minti zai nuna maka irin taka. Abin da ake so shi ne ma'aunin Audacity ya riƙa kaiwa wajen -6 a inda sauti ya fi ƙarfi, kada ya riƙa dukan sifili, domin abin da ya wuce sifili yana fashewa idan aka fitar da fayil.

Iyakar Audacity ita ce na'ura ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Idan kana so ka haɗa muryarka da sautin kwamfuta, kamar mai fassara jawabi kai tsaye ko mai hira da baƙo ta Zoom, manhajar naɗi ta OBS Studio ta fi dacewa. Kyauta ce, abin da take kira Desktop Audio kuma wannan loopback ɗin ne dai, kuma tana iya ajiye makirufo da sautin kwamfuta a layuka daban-daban cikin fayil ɗaya, ta yadda za ka gyara kowanne shi kaɗai. Tun daga zubi na 28 da ya fito a 2022 tana da Application Audio Capture, wanda ke ɗaukar sautin manhaja ɗaya tak ya bar sauran, kuma wannan yana kawar da matsalar ƙarar saƙonni daga tushe. Fayil ɗin bidiyo take fitarwa, amma ciro sautin daga cikinsa ba wuya. Idan kuwa wata tsohuwar manhaja kake amfani da ita wadda ba ta san WASAPI ba, makirufo kawai take nema, sai ka girka VB-CABLE na kamfanin VB-Audio. Yana ƙara na'urori biyu na ƙarya, CABLE Input a ɓangaren fitarwa da CABLE Output a ɓangaren ɗauka, duk abin da aka tura cikin na farko yana fitowa ta na biyu. Ka tura burauzar zuwa CABLE Input ta cikin Volume mixer, ka zaɓi CABLE Output a manhajar ɗauka, idan kuma kana so ka riƙa ji, ka kunna Listen to this device a saitin CABLE Output ka nuna masa lasifikarka. Hanyar da ba na so ka bi ita ce haɗa ramin iyafis da ramin makirufo da waya, domin ramin makirufo an yi shi ne don sigina mai rauni ƙwarai, sautin yakan fashe, kuma yawancin kwamfutocin yanzu ma rami ɗaya gare su.

  

Abu biyu kuma ya kamata in ambata. Wasu manhajojin kiɗa da finafinai na biyan kuɗi suna kare abin da suke watsawa, kuma an tsara Windows ta iya hana loopback ɗaukar irin wannan sauti, saboda haka shiru a nan ba matsalar saiti ba ce, kuma ba zan koya maka tsallake ta ba. Karatun da aka watsa don amfanin jama'a daban, kayan da mai su ke sayarwa daban, idan kuma kira ne ko taro, ka sanar da waɗanda ke ciki kafin ka fara ɗauka. Na biyu, idan gidan rediyon ko masu shafin suna ajiye shirin bayan an gama kuma sun ba da damar saukewa, saukewar ta fi naɗi, domin ka samu ainihin fayil ɗin ba tare da yankewar intanet ba, kuma ba sai ka zauna gadin kwamfuta na awa biyu ba.

Saura batun wuri da fitar da fayil, wanda masu dogon naɗi ke mantawa da shi har sai faifai ya cika. Sitiriyo a 48,000 da zurfin bit 16 yana cin bait 192,000 a kowace daƙiƙa, wato kusan megabait 690 a awa. Audacity kuwa a saitinta na asali tana aiki da bit 32, don haka ka ninka wannan, ya zama kusan gigabait 1.4 a awa. Wanda ya naɗi tafsirin awa biyu kullum har kwana 30 kuma ya bar ayyukan yadda suke, zai tara fiye da gigabait 80. Saboda haka da zarar ka gama, ka yanke farko da ƙarshe, ka haɗe tashoshin biyu su zama ɗaya ta Mix Stereo Down to Mono a ƙarƙashin Tracks, ka fitar da shi MP3. Ga magana zalla, kilobit 64 a daƙiƙa a tasha ɗaya ya wadatar, kuma awa guda ba za ta kai megabait 30 ba, abin da zai sauƙaƙa wa waɗanda za ka tura wa ta WhatsApp da datarsu. Ɗaga adadin zuwa 320 ba zai ƙara wa muryar kyau ba, domin sautin da ke zuwa daga Facebook ko YouTube an riga an matse shi tun daga can. Ga waƙa ko shirin da ke da kiɗa, ka bar shi sitiriyo a 128 ko 192.

Idan shirin yana farawa a lokacin da ba ka kusa, Audacity tana da Timer Record a ƙarƙashin Transport, inda za ka sa lokacin farawa da na tsayawa, ka kuma umarce ta ta ajiye aikin ta fitar da fayil da kanta. Sai dai ɗaga Windows yakan taɓa saitin wuta, don haka ka shiga Power & battery ka hana kwamfutar yin barci, a kan caji da kuma a kan batir, saboda idan aka ɗauke wuta ta koma batir, saitin batir ne zai yi hukunci. Ka kuma duba abin da aka sa ta yi idan an rufe murfinta, ka sa ta kada ta yi komai, sannan ka dakatar da Windows Update na wannan makon don kada ta sake kunna kanta a tsakiyar shiri.